Yadda za ka ce "ina yi" da "nakan yi" da Sifaniyanci

Ƴan lise, wato sakandare, na Kamaru masu Sifaniyanci tun daga katriyem (aji uku), musamman masu shirin jarrabawar BEPC a Garwa da Marwa, har da ƴan kasuwarmu masu sauka Kye-Ossi a bakin iyaka su tsallaka Bata ta Equatorial Guinea, a wannan babin ku daina bi ta Faransanci, ku yi tunanin da Hausa kawai, wallahi ta fi kusa.

Abin da kake cikin yi yanzu, irin "ina ci", ka ɗauko estar ka haɗa da aikatau mai ƙarewa da -ando ko -iendo. Hablar ya koma hablando, comer ya koma comiendo, estoy comiendo kenan ina cin abinci. Akwai masu taurin kai, dormir durmiendo, leer leyendo, decir diciendo, su dai hadda ce. Amma fa a kula, mu mukan ce "ina tafiya gobe", to kar ka kwaso estoy yendo mañana, voy mañana ake cewa, estar ɗin nan baya aikin gobe.

Shi kuwa "nakan yi" nasu soler ne, o ɗin ya zama ue, aikatau na biye dashi ba'a taɓa shi. Suelo tomar té por la noche, nakan sha shayi da dare. In al'adar da ce ka ce solía, ko ka yi imperfecto, wato lokacin "da nakan yi", kai tsaye, masu -ar su ɗauki -aba sauran su ɗauki -ía, jugaba al fútbol, da nakan buga ƙwallo. Uku ne kacal suka bauɗe, ser era, ir iba, ver veía, ni a ganina duk Sifaniyanci babu lokacin da ya kai shi sauƙi.

"Sake" kuma volver a ne, volvió a llamar, ya sake kira.

In abu bai tsaya ba, seguir, sigue lloviendo, har yanzu ana ruwa. Sai llevar, wanda yara ke gudu a jarrabawa don suna ta neman depuis na Faransanci a ciki basu samu ba, alhali tsarinsa llevar, sai tsawon lokacin, sai -ando ko -iendo. Llevo dos años vendiendo telas, shekara biyu kenan ina sayar da yadi, kuma llevo ɗin a lokacin yanzu zaka barshi tunda har yau kana shagon.