Haski da ƙananan dabbobin gida: kurakuran da na gaji da gani

A watan da ya wuce mutum uku ne suka kira ni a kan magana ɗaya. Na farko haskinsa, wato karen nan ɗan asalin Saberiya da ake kira husky da Turanci, ya kashe masa zabi huɗu, na biyu kyanwar matarsa ce ta tafi, na uku kuwa ɗan akuyar maƙwabci ne, har sai da maganar ta kai gaban mai unguwa. Dukkansu da rantsuwa suka fara: "Wallahi bai taɓa yin haka ba." Na yarda da su, domin ni ma tawa ba ta taɓa yi ba sai ranar da ta yi. Shekara tara ke nan ina kiwon wannan kare a Jos, kuma abin da zan faɗa a nan shi ne abin da nake yi a gidana, wanda kusan duk da hasara na koye shi.

Kafin komai, ka san wane ne ka kawo gida. Asalin haski karen mutanen Cukci ne da ke can arewa maso gabashin Saberiya. Da hunturu yana jan keken ƙanƙara na tsawon yini, idan zafi ya shigo kuma aikin ja ya tsaya, sai a sake shi ya je ya nemi abincinsa da bakinsa. Wanda bai iya kamu ba yunwa ce ke gamawa da shi, wanda ya iya shi ke kai wa hunturu na gaba ya yi 'ya'ya. A 1908 aka fara kai su garin Nome na Alaska domin tsere, a 1925 kuma sunansu ya zagaye duniya, lokacin da ayarin karnuka suka yi ta miƙa wa juna maganin mashaƙo a tafiyar da ta haura kilomita 1,000 cikin kwana biyar da rabi. Shekara ɗari da 'yan kai ke nan da fitowarsu daga can, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan kwikwiyon mai shuɗin ido da ka gani a Instagram jikan mafarauta ne.

Kuskuren da ya fi cin raina shi ne na "ai tare suka tashi". Na sayi karyata, Ƙanƙara, tana da mako takwas. A lokacin 'yata tana da wata kyanwa fara da take goyawa a baya da ɗankwali. Kwikwiyar da kyanwar a kan tabarma ɗaya suke kwana, a kwano ɗaya suke shan ruwa, kyanwar har marinta take yi a hanci ita kuma ta kwanta ta yi luf. Duk baƙon da ya shigo sai na nuna masa su. Shekara biyu cur muna haka, har na fara gaya wa mutane cewa maganar jinin farauta ƙarin gishiri ne, tarbiyya ce komai.

Wata safiya aka ɗauke wuta, yaron gida ya ja janareta a bayan ɗaki. Kyanwar tana kwance kusa da wurin, ta firgita ta kwasa a guje ta tsakar gida. Ina tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi a hannu. Ƙanƙara ba ta yi haushi ba, ba ta yi gurnani ba, ban ma ga tashinta ba. Na dai ga ta cafki kyanwar a wuya ta girgiza sau biyu. Kafin in ajiye kofin an gama. Ta sauke ta a ƙasa, ta shinshina, ta taho wurina tana kaɗa wutsiya. 'Yata tana da shekara bakwai, a gabanta aka yi. Ta daɗe tana tambayata, "Abba, me ta yi mata?" Babu abin da ta yi mata. Gudu kawai ta yi.

Wannan shi ne abin da masu sabon kare suka kasa ganewa. Faɗa daban, farauta daban. Karen da zai yi faɗa yana ba da sanarwa: gashin bayansa ya tashi, ya yi gurnani, ya buɗe haƙora. Mai farauta shiru yake yi. Wani masanin halayyar karnuka na Amurka, Raymond Coppinger, ya bayyana yadda abin yake bi daki-daki: kare ya hango, ya kafe ido, ya yi sanɗa, ya bi da gudu, ya cafka, ya yi cizon kisa, sannan ya yaga. Karnukan kiwon tumaki na Turai an zaɓe su ne a kan kafe ido da sanɗa da kora, aka dusashe musu cizon ƙarshe. Karnukan da ke ɗauko tsuntsun da maharbi ya harbo an bar musu cafka mai laushi. Shi haski babu abin da aka cire masa, sarƙar tana nan cikakkiya, kuma abin da ke kunna ta motsi ne: gudu, fuka-fuki, ƙarar tsiwa. Kyanwar da ke kwance 'yar gida ce a idonsa. Kyanwar da ta zabura nama ce. Duk wanda ya taɓa bin mafarauta daji da karnukansu ya san wannan shirun da kare ke yi in ya hango zomo. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma ban ga inda maganar ta zauna daidai kamar a nan ba.

Akwai masu haski da kyanwa a gida ɗaya shekara da shekaru lafiya lau, na sani. Ni dai ban ƙara gwadawa ba. Abin da nake yi yanzu: gidana kashi biyu ne. Sashen kare daban, sashen kaji da tattabaru daban, kuma tsakaninsu ƙofa biyu ce, ba ɗaya ba, domin ƙofa ɗaya wata rana yaro zai manta ya bar ta a buɗe. Ba a buɗe ta biyu sai an rufe ta farko, har almajirin da ke mana aike ya san wannan. Idan kana da kyanwa kuma ba za ka iya rabuwa da ita ba, to ka yi mata wurin hawa mai tsawo a kowane ɗaki, ka ware mata ɗakin da kare ba ya shiga ko kaɗan, kuma kada ka bar su tare idan ba ka wurin da igiya a hannunka. Tsayuwarka kawai a wurin ba ta tsinana komai, ai ni ma ina tsaye.

Kuskure na biyu shi ne kwance igiya a fili da cewa "yana jin kirana". Yana ji, in babu abin da ya fi ka daɗi a gabansa. Bayan abin kyanwa da kamar shekara ɗaya na ɗauki Ƙanƙara zuwa gindin duwatsu a bayan gari. Wata shida ina horar da ita a kan kira, da busasshiyar hanta a aljihu, sau ɗari in kira sau ɗari ta zo. Na duba gabas da yamma ban ga kowa ba, na cire igiya. Ashe bayan dutsen akwai garke. Na ga kunnuwanta sun miƙe, jikinta ya sandare, na kira sunanta, ko waiwaye ba ta yi ba. Sai da na yi gudun da ban taɓa yi ba, na tarar ta kashe 'yan tumaki biyu, ta uku tana shure-shure, yaron da ke kiwon ya hau kan dutse yana kuka. Mahaifinsa ya zo, dattijo ne, bai ɗaga murya ba. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ka faɗi abin da zan biya." Ya ce, "Kuɗi za ka biya, Malam. Amma da yaron nan ya tare ta da sanda fa?" Na biya kuɗin ukun, kuma tambayar tasa har yau ba ta bar ni ba.

A Ingila tun 1953 akwai dokar da ke kama mai kare idan karensa ya far wa dabbobin kiwo, kuma a wasu halaye manomi yana iya harbe karen. A nan ba za a jira kotu ba. Wata rana za ka tashi ka ga an jefo nama ta katanga, karenka yana kumfa a baki. Tun daga ranar dutsen ban ƙara sakin haski a wurin da ba a kewaye ba, ko na minti ɗaya. Igiya mai mita 10 nake amfani da ita a fili, in ɗaura ta a ɗamarar ƙirji, kada a wuya, domin kare mai kilo 25 idan ya kwasa a guje igiya ta ƙare masa a wuya zai iya jin mummunan rauni. Cikin unguwa kuwa gajeriyar igiya da takunkumi irin mai kama da kwando, wanda zai iya buɗe baki ya yi haki ya sha ruwa. Takunkumin ƙyalle mai matse baki a zafin ƙasar nan kisa ne.

Yanzu bari in juyo kan masu duka. Ka dawo daga kasuwa ka tarar da gawar kaza, ka ɗauki bulala ko wayar wuta ka yi ta zabgar kare har ya yi fitsari. Me ka koya masa? Kazar ta mutu tun hantsi, kai ka dawo da la'asar. Abin da ya gane shi ne dawowarka gida masifa ce. Gobe in kaza ta gifta zai sake kamawa, sai dai yanzu zai ɓuya in ya ji motarka. Wasu kuma har ɗaura masa mushen kazar suke yi a wuya kwana uku wai ya ji ƙyama. Kare da ke birgima a kan mushe don jin daɗi shi za ka tsorata da wari? Ƙudaje da cuta kawai ka tara wa gidanka. Ku ji tsoron Allah a kan dabbar nan. Kai ka je ka ciro kuɗi masu yawa ka sayo mafarauci don ka ɗauki hoto da shi, ka ajiye shi kusa da akurki, sannan ka doke shi a kan ya yi abin da aka halicce shi a kai. Laifin na wanda ya bar ƙofa ne.

Haka maganar "ya ɗanɗana jini, ya lalace". Ba jinin ba ne. Daɗin yana cikin korar da kamun, shi ya sa sau da yawa ko cin abin da ya kashe ba ya yi. Gaskiyar da ke cikin maganar ita ce duk kamun da ya yi nasara yana ƙara masa ƙwarewa da kwaɗayi, don haka kada ka bari ya yi atisaye ko a kan ƙadangare. Masu cewa "ai a ƙoshe yake, ba zai taɓa su ba" su ma sun ɓata. Ƙanƙara ta gama karyawa ke nan ranar kyanwa.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi ko kaɗan shi ne jariri. Haski yana son mutane, shi ya sa ma ba ya gadi, ɓarawo zai shigo ya yi masa maraba. Amma jinjiri mai kuka da wutsil-wutsil a kan shimfiɗa ba kullum kare ke gane cewa mutum ba ne, kuma an sha samun mummunan labari a ƙasashen da aka fi kiwonsa. Idan an yi haihuwa a gida, kare ba ya shiga sashen mai jego, ko da kakar yaron tana zaune a wurin. Yara masu tasowa kuma a hana su gudu da ihu a gabansa.

Sauran ƙanana ne, amma su ma suna kashe kaza. Katangar da ba ta kai ƙafa 6 ba zai haure ta, musamman in ka jingina durom ko itace a jikinta. In bai haura ba zai haƙa, don haka ka zuba siminti a gindin katanga ko ka binne waya kamar rabin mita. Akurkin wayar kaji mai laushi yaga shi yake yi da haƙori, sai da waya mai kauri da sakata. Ragon layya a turke kada ka ce ya yi masa girma, dabba a ɗaure ba ta da wurin gudu. Ƙananan karnuka irin na ɗaki su ma yana iya ɗaukarsu nama in sun ruga. Kada ka aske masa gashi don zafi, gashin nan mai hawa biyu yana kare fatarsa daga rana, inuwa da ruwan sanyi yake buƙata. Allurar haukan kare kuma kada ta wuce lokacinta, tunda komai ya gani mai motsi sai ya kai masa baki.

Gajiya tana rage abin, ba ta kawar da shi. Ni bayan sallar asuba nake fita da ita, tafiyar sa'a guda kafin rana ta yi zafi. Da yamma kuma ina da gora mai tsawo da na ɗaura wa igiya da tsumma a baki, in riƙa jan tsumman a ƙasa tana bi, amma ba ta tashi sai na ce "kama", in na ce "saki" ta saki in ba ta hanta. Minti goma ya isa. Wannan wasan ne ya koya mini gane lokacin da idonta ke kafewa, kuma a kan hanya da na ga alamar sai in juya da ita tun ba ta fara sanɗa ba, domin bayan nan kunnenta ya toshe.

Mutumin nan na uku, wanda karensa ya far wa ɗan akuyar maƙwabci, gidan haya yake, tsakar gida ɗaya da iyali huɗu, kowa da kajinsa. Ya tambaye ni wane horo zai yi wa karen. Na ce masa babu horon da zai raba tsakar gida ɗaya gida biyu. Ya biya maƙwabcinsa, kuma a makon jiya muka kai karen gidan wani abokina a Bukuru mai doguwar katanga wanda ba ya kiwon komai.