Yadda za ka hau Dutsen Lemmon daga birnin Tucson

Tucson, a jihar Arizona ta Amurka, gari ne na hamada mai zafi kamar tanda, amma a arewa da shi akwai Dutsen Lemmon mai tsayin kusan mita 2,790, a cikin dajin gwamnati na Coronado.

1. Cika tankin mota tun a gari, don babu gidan mai a can sama.

2. Ɗauki ruwa da yawa da rigar sanyi, ko da gumi kake yi a ƙasa. A saman dutsen, iska ta fi ta gari sanyi da digiri 10 ko fiye.

3. Kama hanyar Catalina da sassafe. Tsawonta kusan kilomita 43 ne, duk kwana-kwana, saboda haka a hankali. Ka lura da yadda dogayen cactus na saguaro (tsiron hamada mai ƙaya) ke ɓacewa, itacen oak ya karɓe su, daga nan sai pine masu inuwa. Wallahi wannan sauyin kaɗai ya isa dalilin zuwa. Ka tsaya a Windy Point ka hango birnin shimfiɗe a ƙarƙashinka.

4. Huta a ƙauyen Summerhaven. Gobarar daji ta cinye yawancin gidajensa a 2003, don haka kada ka kunna wuta sai inda aka yarda.

5. A Yuli da Agusta, sauko kafin la'asar, lokacin hadari da tsawa. Da hunturu kuwa, tambayi halin hanya tukuna, ana rufe ta in ƙanƙara ta zuba. Wajen saukowa sa ƙaramin giya, kada birki ya yi zafi.