Yadda na gyara bidiyon fodkas ɗinmu da ya ƙi buɗewa a ƙananan wayoyi

Shirin hirar da muke ɗauka a Agege ta Legas, 'yan'uwa na Mile 12 da Alaba Rago sai korafi suke wai murya kawai suke ji hoto baƙi ƙirin, wasu kuma ya buɗe amma baki na motsi magana na biyowa daga baya.

Ashe matsalar daga iPhone ɗin da muke ɗauka da ita ce, tana ajiye bidiyo a tsarin HEVC wato H.265, shi kuwa tsofaffin wayoyin Android da yawa basa iya karanta shi, kuma yawancin masu kallonmu irinsu suke riƙewa. Saɓanin murya da hoto kuma, iPhone ɗin bata riƙe adadin hotuna iri ɗaya a kowane sakan, in haske ya ragu sai ta rage, to in hira ta yi tsawo murya da hoto na iya rabuwa.

Na sauke HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, a kwamfuta, kyauta ce, na zaɓi MP4 da H.264, tsarin da tsofaffin wayoyi ke iya karantawa, sauti AAC, firem 30 wato hotuna 30 a sakan, na danna Constant Framerate don ya tsaya cak, girma na sauko da shi 720p, tsakani da Allah 1080p a allon waya ɓarnar data ce kawai. Kar ku manta Web Optimized, shi ke sa bidiyo ya fara tun bai gama sauka ba.

A iPhone ɗin kuma ku shiga Settings, Camera, Formats ku mayar Most Compatible don ta riƙa ɗauka a H.264. Ƙarar janareton maƙwabta dai HandBrake bata maganinta, ku ɗauka lokacin da akwai wuta.