Yadda Ake Tuƙa Babur Idan Iska Ta Taso

A Sakkwato iska kan dami mai babur sau biyu a shekara: lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da kuma farkon damina, wajen Mayu da Yuni, sa'ad da guguwa ke zuwa gaban hadari. Ta biyun ta fi haɗari domin ba ta sallama.

Kafin ka tashi, ɗaure hular kwano sosai, ka rufe gilashinta saboda yashi, sannan ka naɗe babbar rigarka ka zauna a kanta. Wannan shi ne abin da na fi ganin ana sakaci da shi, alhali riga idan ta cika da iska tana jan mutum gefe, bakinta kuma yana iya shiga sarƙa ko taya.

A kan hanya, rage gudu, ka matse tanki da gwiwoyinka, amma ka sassauta riƙon kan babur, domin hannun da ya sandare ba ya iya gyara tafiya idan iska ta bugo. Ka ɗan karkata zuwa ɓangaren da take fitowa, kada ka danna birki da ƙarfi. A fili kamar hanyar Illela, tirela kan tare maka iska yayin da kuke jere, da zarar ta wuce sai iskar ta buge ka gaba ɗaya, don haka ka ba ta tazara.

Idan ƙura ta rufe hanya, kunna fitila, ka sauka daga kwalta ka fake a jikin gini mai ƙarfi, nesa da dogon yaro, allon talla da turakun lantarki.