Yadda za ka zaɓi abin taɓawa in ka fara allurar insulin

Da farko dai kafin ka kai komai baki, gwada suganka. Lambar da na'urar ta nuna ita za ta faɗa maka me za ka ci.

In ta yi ƙasa da 70 mg/dL, ko kana jin karkarwa, gumi, jiri, to ba lokacin zaɓe-zaɓe ba ne, nemi giram 15 na suga mai saurin shiga jini, rabin kofin jus ko ƙwayoyin gulukos uku zuwa huɗu ko cokali ɗaya babba na zuma, ka jira minti 15 ka sake gwadawa, in bai hau ba ka maimaita. Cakulan kam bar shi a nan, man da ke ciki yana jinkirta sugan.

In lambar lafiya lau take kuma yunwa ce kawai, dafaffen ƙwai, kokwamba, cuku ko 'yar gyaɗa cikin tafin hannu sun wadatar, ba sa ɗaga suga sosai.

Abin leda kuwa juya bayansa ka duba jimillar kabohaidiret, wato sitaci da sugan da ke ciki, ka kuma lura da adadin da suka auna, wani lokacin lissafin rabin ledar ne kai kuma ka cinye duka. Ƙaramar tuffa ɗaya tana da wajen giram 15 na kabohaidiret.

Za ka motsa jiki ko tuƙi mai nisa? Sa alawar gulukos a aljihu. Batun ko abin taɓawa na buƙatar ƙarin allura kuma, likitanka ne zai tsara maka gwargwadon irin insulin ɗinka.