Kafin ka ɗauki hoton mutum a titi

Masu ɗaukar hoto, kar ka fara da ɗaga kyamara. Bar ta a wuya, ku gaisa tukuna, ka faɗi abin da ya burge ka, sannan ka nemi izini.

Yawanci ba hoton mutane ke ƙi ba, rashin sanin inda zai je ne, shi ya sa da ka ɗauka ka nuna masa, in bai so ba ka goge a gabansa, ba rigima ba ɓata lokaci.

A hoto na farko zai sandare maka kamar hoton fasfo, ci gaba da jan hira, na uku ne mai kyau.

Amma fa wannan dabarar ba ta ci wajen mai sauri. Yara kuwa sai iyayensu sun yarda, in ba sa nan ka haƙura kawai.