Yadda Tsofaffin Ɗaliban Jami'a Za Su Kafa Asusun Taimakon Masu Sana'a da Mabuƙata a Kano

Kusan duk ajin da ya fita daga Jami'ar Bayero, ko ta Northwest (wadda a dā ake kira Yusuf Maitama Sule), ko ta Wudil, yana da zaurensa na WhatsApp. Ana sanar da ɗaurin aure da suna, ana ta'aziyya, in wani ya kwanta asibiti a yi masa karo-karo. Zumunci ne mai kyau, amma ya yi kaɗan idan aka dubi waɗanda ke cikin zauren. Bayero ta zama cikakkiyar jami'a tun 1977, saboda haka a yau da wuya ka sami aji ɗaya da babu lauya, akanta, likita, ma'aikacin banki da ɗan kasuwa a cikinsa. Birnin nan yana buƙatar kuɗinsu, amma ya fi buƙatar iliminsu da cinikinsu. Sai dai ba a kai ga wannan sai an fara gyara gida.

A fara da takarda kafin kuɗi

Kada a karɓi ko sisin kwabo a asusun mutum ɗaya, komai amanarsa. Yawancin rigimar ƙungiyoyi daga nan take tasowa: kuɗin jama'a ya cakuɗe da na cefane, ko mai asusun ya rasu magada su ce ba su san zancen ba.

Hanya biyu ce. Ko dai ku zama reshe a ƙarƙashin uwar ƙungiyar tsofaffin ɗaliban jami'arku, ko ku yi rajistar kanku da hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, a matsayin ƙungiya mai amintattu, bisa dokar kamfanoni ta 2020. In kun zaɓi ta biyu, kuna buƙatar amintattu aƙalla biyu, da kundin tsarin mulki, da takardar zaman da aka zaɓe su, sannan a buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Idan sunan jami'a zai shiga sunan ƙungiyar, a nemi izininta a rubuce. Bayan rajista sai lambar haraji da takardar SCUML, wato sashen EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, domin bankuna kan nemi ganinsu wajen buɗe wa ƙungiya asusu. A sa mutum uku masu sa hannu, kuɗi ba ya fita sai biyu sun amince. Lauyan ajinku ne ya kamata ya riƙe wannan aikin, har da cike bayanan shekara-shekara na CAC, wanda shi aka fi mantawa da shi.

Kuɗin wata kuwa a sa abin da malamin firamare na cikinku zai iya biya ba tare da ya ji kunya ba. Misali, mutum 60 a kan naira 5,000 sun tara 300,000 a wata. Mai hali ya ƙara a gefe, amma ƙuri'arsa ɗaya ce kamar ta kowa.

A raba kuɗin gida uku

Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin. Akwai kuɗin zakka, akwai na sadaka, akwai na rance, kuma kowanne da littafinsa. Zakka tana da mutanenta takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, kuma mallaka musu ake yi. Ba a ba da ita bashi a ce a dawo da ita, ba a kuma kama zauren taro da ita. In ba ku da malamin da zai tsaya a kan rabonta, ku bar ’yan ƙungiya su fitar da kansu ko su kai Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha, ku tsaya ga sauran biyun.

Rance ga masu ƙananan sana'o'i

A nan ne aka fi samun lada, a nan ne kuma aka fi yin asara. Abu na farko: ku sayi kayan aikin, kada ku miƙa tsabar kuɗi. Idan tela ce ke son keken zigzag, ko mai markaɗe yana son inji, ko yaro a Farm Centre yana son kayan gyaran waya, mutum biyu daga kwamiti su raka shi kasuwa, a yi ciniki a gabansa, a karɓi rasit da sunan ƙungiya. Ba don ana zarginsa ba. Talaka in kuɗi ya kwana a hannunsa, lalura ce za ta ƙwanƙwasa ƙofa kafin gari ya waye, ko rashin lafiyar yaro ko kuɗin haya, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Na biyu, a rubuta. Aya ta 282 ta Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, don haka babu batun jin nauyi. A yi takardar da Hausa, a karanta wa mai karɓa da babbar murya, a sami mai tsaya masa wanda ke ganinsa kullum, kamar shugaban layinsu a kasuwa ko ubangidan da ya yaye shi. Ɗan kwamiti ba ya tsaya wa ƙaninsa, ba ya kuma zama a wurin da ake yanke maganarsa.

Na uku, biya ya bi yadda sana'ar ke kawo kuɗi. Mai cinikin yau da kullum ya fi jin sauƙin zubi na mako-mako irin na adashi a kan a tara masa na wata. Tela a ba ta keke wata biyu kafin azumi, a tsara yadda mafi yawan biyan zai faɗo bayan ƙaramar Sallah. Kada wa'adi ya wuce wata shida zuwa tara, saboda rancen da babu ruwa a kansa tsadar kaya ce ke cinye shi: abin da ya sayi keke bana ba lallai ya saye shi baɗi ba. Giɓin sai a riƙa cike shi daga kuɗin wata.

Sai abin da kuɗi ba ya saye. A haɗa kowane mai rance da mutum ɗaya daga ajin da zai leƙa shi sau biyu a wata. Akanta ya koya masa riƙe littafi mai layi uku, abin da ya shigo, abin da ya fita, da wanda ake bi bashi, ya kuma nuna masa ya yanka wa kansa albashi ya daina cin uwar kuɗi. Lauya ya yi masa rajistar sunan kasuwanci. Mai yin dambun nama ko yajin daddawa da ke son kayanta su shiga manyan kantuna, mai ilimin harhaɗa magunguna ko na abinci ya bi da ita matakan NAFDAC.

Masu fasaha: a saya, kada a yi musu sadaka

Marinan Ƙofar Mata, da dukawa da masu ɗinkin hula da kayansu ke cika Kasuwar Kurmi, ba tausayi suke nema ba, ciniki mai ɗorewa suke nema. Duk shekara ofisoshin da kuke aiki suna sayen jakunkunan taro da kyaututtukan ban kwana. Ku karkato da wannan odar gida.

Amma a yi ta yadda ba za a ji kunya ba. A ba da aiki aƙalla wata biyu kafin taro, domin rinin baba sai an tsoma an ɗaga sau da yawa launi ke kamawa, sannan a shanya a kai wa mabuga. A fara da samfur guda, a wanke shi a ga ko yana zuba, a duba ɗinkin hannun jaka da zif, a sa hannu a kansa ya zama ma'auni. A ba da rabin kuɗi kafin alƙalami don sayen fata ko yadi, sauran ranar karɓa. Hana kafin alƙalami yana tura mai aiki ga kaya masu arha, biyan duka tun farko kuma yana sa aikinku ya koma bayan layi. Marubuta ma haka: sayen kwafi 100 na littafin Hausa a raba wa ɗakunan karatu na makarantunku na dā ya fi lambar yabo amfani ga marubucin. In za a ɗora aikin wani a intanet, a sa sunansa da izininsa.

Sadaka

Ku tambaya kafin ku saya. A azumi shinkafa da taliya kan yi yawa a gidajen marayu, amma lokacin komawa makaranta, da ake neman kayan sawa da takalma da littattafai, ƙafa takan ɗauke. Kuɗin magani a asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a biya ta wurin biyan kuɗi na asibitin, bayan ma'aikatan jin daɗin marasa lafiya sun tabbatar da mabuƙacin, a ajiye rasit. Rijiyar burtsatse kada a haƙa ta sai unguwa ta fitar da wanda zai kula da ita da kuɗin gyara. Fuskar maraya da ta mara lafiya kuwa ba abin ɗorawa a Facebook ba ce. Hoton rasit ya isa shaida.

Ranar ɗaya ga kowane wata ma'aji ya saka bayanin banki a zaure, da jerin abin da ya shigo da wanda ya fita, sunayen masu rance a ɓoye da lamba. A rubuta a kundi cewa shugabanci shekara biyu ne sau biyu, kuma duk wanda ya fito takarar siyasa zai sauka daga kwamitin rabo har a gama zaɓe. Gudummawarsa ana karɓa ta banki kamar ta kowa, ba tare da hula ko hotonsa a jikin kayan ba.